Reshen Tungar Habi

Litinin, 8 ga Yuli 2024
Sabuwar taswira mai siffar bishiya ta tashi a kwamfuta yau. Ƙaramar hukuma ce gindi, gundumomi manyan rassa, ƙauyuka ƙanana, kowane gida ganye guda. In na ja da yatsa sai ta juya, in leƙa bayanta, in kutsa cikinta. Oga Abdulrazak, shugabanmu a ofishin lafiya, yac ce da ita za a riƙa zaɓen inda motar magani za ta. Na nemo ƙauyenmu, Tungar Habi, can ƙarƙashin Gatawa. Yana nan lubu-lubu.

Alhamis, 11 ga Yuli
Oga yac ce duk gidan da ya gudo Sabon Birni saboda 'yan bindiga, in cire ganyensa in maido shi reshen gari. Tun safe nike tsinke maƙwabtanmu. Gidan Jibrilla mai kanwa. Gidan Saude. 

Juma'a, 12 ga Yuli
Ganye guda ya rage: Inna Hajo. Uwata.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na kira ta. Sai da ta hau tudun bayan masallaci kana munka ji juna. Tac ce gero ya fara kai gwiwa, wa za ta bar ma shi? Na ce Inna, reshenki ya sirance, in an juya bishiyar ɓuya yake bayan na Gatawa, mota ba za ta zo da maganin hawan jininki ba. Tac ce, "Ke Hadiyya, ni ba tsuntsuwa ba ce da za ki ɗora ni bisa icce." Taurin kai! Ni ma a nan na gado shi.

Talata, 16 ga Yuli
Na maida gida biyar reshenmu don ya yi kauri. Ƙarya ce, na sani. Da azahar na tuna direba da ma'aikaciyar jinya ne za su bi wannan hanyar saboda gidajen da ba kowa. Na cire su. Na shiga bayi na yi kuka.

Juma'a, 19 ga Yuli
An ji harbi wajen Gatawa. Wayar Inna ba ta shiga. Ya Allah.

Asabar, 20 ga Yuli
Ba ta shiga.

Lahadi, 21 ga Yuli
Inna ta iso bayan babur, da ƙullin kaya da akuya guda a cinya. Ƙafafunta sun kumbura. Tana sauka tac ce, "Ina ruwan alwala?"

Litinin, 22 ga Yuli
Na ja ganyenta zuwa Sabon Birni. Reshen da babu ganye, kwamfuta ba ta nuna shi. Na juya bishiyar dama, na juya hagu, na leƙa ta ƙasa. Babu. Wata sabuwar ma'aikaciya ta tambaye ni 'yar ina ce. Na ce nan cikin gari. Sai da ta wuce na ji abin da na faɗa.