Lissafin da Na Yi Maka a Tsakar Gida

Alƙahira, 9 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya Umma da Yaya Hashim da mutanen garin Iku? Ni lafiya lau, karatun jinya yana tafiya. Abinci ne dai ba ya shiga sosai tun da Yaya ya ce hannunka na hagu ya daina ɗagawa, amma kada wannan ya dame ka.

Akwai maganar da na kasa faɗa a waya. Ka tuna hutun bara da na auna jininka a tsakar gida, na'ura ta nuna ɗari da saba'in? Na ce ai ɗari ake ɗorawa a kan shekarun mutum, don haka kai mai saba'in daidai kake. A bakin wata 'yar ajinmu na ji, ban bincika ba. Ka yi dariya, ka ce Umma ta ajiye maganin hawan jininka, tunda ga likita a gida.

Ba haka ba ne, Baba. Na yara ya fi ƙasa, amma babba, ɗan talatin ne ko ɗan saba'in, ana so ya tsaya wajen ɗari da ashirin bisa tamanin. In ya kai ɗari da arba'in, ya hau.

Don Allah ka riƙa shan abin da asibiti suka rubuta kullum, Umma kuma ta rage gishiri. Allah ya tashi kafaɗunka.

Sannan ina roƙon ka daina kirana Likita, ko a waya. Mardiyya ta isa. Ka yafe mini.

'Yarka,
Mardiyya