Kusurwar Bayan Ɗakin Goggo

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na gama magana da Alhaji Ramalan, zai sayi gidanmu na Rano ya yi shaguna. Ni Ɗayyabu, garejina yana Kano, me zan yi da katangar ƙasa? Goggo Fanta kaɗai ta rage a ciki, na kuma kama mata ɗaki kusa da mu. Da na faɗa mata, "to" kawai ta ce.

Alhamis, 9 ga Mayu
Abin dariya! Masu talabijin sun roƙi aron gidan kafin a rushe. Wasan kwaikwayo ne na yara, wai labarin gida ɗaya tun zamanin kakanni har yau. Na ce su yi ta yi. Sun ɗauki 'yata Salma, ita ce yarinyar gidan a kowane zamani. Tun safe take yawo da zanen saƙi tana mana iyayi.

Asabar, 11 ga Mayu
Ban yi nadamar komai ba. Rufin zaure ma yoyo yake.

Talata, 14 ga Mayu
Yau suka ɗauki wajen haihuwa. Darakta ya ce ungozoma ta binne cibiyar jariri a tsakar gida, wai ya fi kyau a hoto. Goggo ta miƙe da sandarta: "Kai yaro, a gidan uban wa ake binne cibiya inda ake takawa?" Ta ja su bayan ɗakinta, kusurwar da muke jingine turmi. Tana nunawa da sanda: ta Alu kakana, ta Baba, tawa.

Ni ina gefe ina dariya. Sai Salma ta ce, "Goggo, tawa fa?" Na riga Goggo amsawa, na ce ke ai a asibitin Kano aka haife ki. Goggo ta harare ni. Ashe ranar da cibiyar ta faɗi ta ƙulle ta a bakin zane, ta hau motar Rano, ta zo ta binne kusa da tawa. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Salma ta tsuguna ta dafa wurin. Wallahi raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Laraba, 15 ga Mayu
Alhaji ya zo da magini suna awo. Daidai kusurwar nan za su haƙa masai. Na ce ai gidansa ne. Abinci dai bai ciwu ba.

Lahadi, 26 ga Mayu
Masu talabijin sun tafi. Na ce wa Alhaji mu bari sai bayan damina, don ba a ciniki cikin gaggawa. Ba wai na fasa ba ne.

Na kawo magini ya duba rufin zaure. Yoyo ne kawai ba na so. Salma ta ce in ta haihu nan za ta kawo ta ɗanta, na ce ta rufe min baki. Turmin da aka janye ranar awo dai na mayar da shi inda yake.