Zoben Inna Ya Shiga Wuta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Inna. Ban kira waya ba saboda kunnenta ya fi idonta lafiya.

Na yi ɓarna. Zoben da ka aiko in faɗaɗa mata saboda kumburin yatsa, na sa masa wuta ban cire jan dutsen ba. Haka muke yi, yaƙutu na gaske ba ya tsoron wuta. Da na baƙo ne sai na gwada shi tukuna, amma wa zai gwada jauharin da Baba ya ba Inna? Ya tsage, ya yi baƙi. Gilashi ne, Yaya. Kwana biyu ina zagaye shago, ko kayan aiki na kasa taɓawa. Me zan yi?

Ƙanenka, Auta.

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Shekara ashirin kana duba zinariyar mutane da gilashi a ido kamar likita, ashe na gidanku ne ya fi ƙarfinka.

Da na karanta takardarka na kasa zama, sai na yi abin da tsohon malamin makaranta ya iya, na sauko da ƙamus. Kalmar jauhari baƙuwa ce. Farisawa ke cewa gauhar, Larabawa suka karɓa suka ce jauhar, mu kuma muka ɗora mata wasali muka zaunar da ita. A can tana nufin dutse mai daraja, malaman falsafa kuma suna kiran ainihin kowane abu da ita. Shi ma lu'ulu'u asalinsa ɗan ƙwallon nan ne na cikin kawa, wata halittar teku mai ɓawo, mu muka raba sunan ga duk abin da ke ƙyalli. Na gama wannan ilimi duka, na rufe littafin, zobe dai yana nan a ƙone.

Inna ta tambaye ni sau huɗu yau. Tana zaune bakin taga tana murza yatsan da babu komai. Na ce aiki ya yi maka yawa. Ta ce, "Yaushe Auta ya fara aiki?"

Kada ka gaya mata. Ba zan iya kallonta tana sake auna Baba ba, mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da darasi, Malam Ƙamus, amma bai liƙe komai ba. Na samo yaƙutu na gaske, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, na ɗora. Wannan na gwada shi sau uku. Ga shi nan a hannun direba. Ka sa mata da kanka, kuma don Allah kada ka yi lacca.

Auta.

Auta,

Sallama. Zobe ya iso, aikinka ya yi kyau, kyan ne ma ya tona mu.

Na sa mata, ya shiga daidai. Ba ta ko ɗaga shi wajen haske ba. Babban yatsa ta ɗora a kai, ta shafa, ta sake shafawa, sannan ta cire ta ajiye kusa da kwalbar maganinta. Ta ce, "Wannan na wace ce?"

Na fara kame-kame. Ta ce nata dutsen yana da ɗan ɓalli a gefe, tun ranar da ta buge shi da ƙofar asibiti za ta haife ka, kuma kullum nan take taɓawa. Mu biyu, mai ido da mai littafi, babu wanda ya taɓa lura.

Na faɗa mata komai, har gilashin. Na jira kuka. Sai ta ce, "Babanku ya ce jauhari ne. Ni da aka ba ban tambaya ba, ku wa ya aike ku?"

Tun ɗazu nake safa da marwa tsakanin falo da baranda. Yanzu ta ce in tambaye ka ko ka zubar da nata dutsen.

Yayanka.

Yaya,

Yana cikin gwangwanin tarkace, na tono shi. Ya rabu biyu, amma ɓallin yana nan. Zan liƙa shi. Asabar zan kawo da kaina in mayar a zoben. Ka gaishe ta, in tana karɓar gaisuwata.

Auta.