Takardar da ke Aljihun Daudu

Batsari, Lahadi

Zuwa ga 'yata Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya Zariya? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Tun da aka katse mana sabis ɗin waya muka koma zamanin takarda, shi ya sa kika ga wannan a hannun Gambo direba.

Jiya na shiga Katsina, na buɗe kundin ilimin nan na intanet da kika koya mini rubutu a cikinsa. Sai na tarar an liƙa gargaɗi a kan shafin da na rubuta wa abokina Daudu Karare, wai a goge shi. Na duba wanda ya liƙa, na ga sunanki. Na yi dariya har mai shagon intanet ɗin ya waiwayo. Yarinyar da na koya wa riƙe fensir ce yau take gyara mini aiki, ai abin alfahari ne.

Na karanta hujjarki: sau biyu ya tsaya takarar kansila, sau biyu ya faɗi, kuma tsayawa takara kaɗai ba ya ba mutum shafi sai jaridu sun yi magana a kansa. Kin iya ƙa'ida. Amma wace jarida ke zuwa Karare? Da 'yan bindiga suka tashi mutanen Ruma, a gidan Daudu iyali bakwai suka ci damina. Da babur ɗinsa ake kwaso waɗanda aka harba zuwa asibiti. Waɗanda suka ci zaɓe suka tare a birni su ne masu shafi har da hotuna. Duk na rubuta wannan a ƙarƙashin gargaɗinki.

Kin ce na zuzuta shi da na kira shi jigon siyasa kuma babban manomi. Na yarda na ƙara gishiri. Gonarsa biyu ce, gero da gyaɗa, babbar rigar da ke hoton ma ta ƙanin matarsa ce. Duk da haka ki yi mini alfarma ki janye. Tun makon jiya na bugo masa shafin a takarda mai launi. Ya karanta sau uku, ya ce ashe faɗuwa zaɓe ma tana kai mutum duniya. Ya ninke ta cikin leda, a aljihun gaba yake yawo da ita, kowa ya tsaya gaisawa sai ya gani.

Ki dage da karatu. Allah ya yi miki albarka.

Malaminki,
Rabe Hamidu

Batsari, Asabar

'Yata Safiyyatu,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan jikinki lafiya. Wasiƙarki ta iso, na ga kin janye don girmana, ba don kin gamsu ba. Da ma kin ƙi ni.

Kwana goma ke nan Daudu ya tafi ta'aziyya Runka. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare a-kori-kurar da ya shiga, suka shige daji da mutum tara. Shekaranjiya an sako takwas bayan dangi sun yi abin da za su iya. Shi suka riƙe.

Jinjiri, dattijon da ke kai saƙo tsakaninmu da su, ya ce da suka lalube shi sun sami takardar. Akwai mai karatun boko a cikinsu. Ya hau dutsen da suke kama sabis ɗin ƙetare, ya duba, ya ga shafin yana nan. Kuɗin fansar da suka yanka a kansa, ko Karare duka aka sayar ba zai kai ba. Jinjiri ya rantse musu cewa talaka ne tilis. Suka ce talaka ba ya shiga intanet da babbar riga. Daudu da bakinsa ya gaya musu ko akwatin zaɓen ƙofar gidansa bai ci ba. Suka yi dariya, suka doke shi.

Jinjiri yana ganin in shafin ya ɓace, da dalilin ɓacewarsa a rubuce, za su iya sassautawa. Don Allah ki maido da gargaɗinki yau. Ga hujjata, ki sa ta da sunana: ba a taɓa zaɓensa ba, babu jaridar da ta ambace shi, ba kowa ba ne. Shekara talatin muna tare, yau ni nake rubuta haka a kansa.

Kada ki faɗi a can cewa yana hannun mutane. Mai karatun nan yana dubawa. Daudu yana da hawan jini, maganinsa kuma yana gida a kan taga.

Malaminki,
Rabe

Batsari, Laraba

Safiyyatu,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Na gode da kika cire hoton da kalmomin zuzutawa nan take. Na kuma fahimci ba ki da ikon gogewa ke kaɗai, sai an yi kwana bakwai ana tattaunawa.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne waɗannan mutum biyun da kika ce sun tsaya kai da fata a bar shafin, wai bayanin da na yi a farko ya gamsar da su. Ɗaya har ya ce bai taɓa karanta hujja mai ratsa zuciya kamarta ba. Da a wani lokaci ne da na nuna wa 'yan ajina. Ki nemi lambarsu ki gaya musu gaskiya a ɓoye.

Bilkisu matar Daudu ta zo makaranta jiya. Ba ta zarge ni ba. Tambayata kawai ta yi, wane ne sarkin wannan kundi, ta je ta durƙusa masa. Na ce babu sarki, jama'a ce ke shawara. Ta ce to ai ko zaɓe ne, mijinta ya saba faɗuwa, Allah ya sa wannan karon ma ya faɗi.

Saura kwana huɗu.

Malaminki,
Rabe

Batsari, Juma'a

'Yata Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya haƙurinmu?

Takardar da kika bugo ta iso ran Litinin, mai nuna an goge shafin don mai shi ba fitacce ba ne. Washegari Jinjiri ya shiga daji da ita, tare da maganin. Jiya ya dawo da hular Daudu da ledar nan. Allah ya yi masa rasuwa tun Asabar, kwana ɗaya kafin a rufe tattaunawar. Sun ce jikinsa ne ya ƙi. Mun yi masa salla babu gawa.

Ki daina kuka, ba ki da laifi. Ke kika faɗi gaskiya tun farko.

Da safen nan 'yan jarida biyu suka zo daga Katsina, har Karare suka kai. Sun tambayi Bilkisu shekarunsa, sun ɗauki hoton gidan. Kin san abin da wannan ke nufi fiye da ni: yanzu ya cika sharaɗin. In wani ya tashi rubuta shafin, ki riga shi. Ki ce gonarsa biyu, ya faɗi sau biyu, iyali bakwai sun ci damina a gidansa. Kada ki ƙara ko kalma. Ni na ajiye wannan alƙalamin.

Na kai wa Bilkisu hular da ledar. Ta karɓi hular. Takardar kuwa ta miƙo mini, ta ce in riƙe, ai ni na rubuta. Tana aljihuna na gaba.

Ki sa shi a addu'a, ki sa ni.

Malaminki,
Rabe Hamidu