Ranakun Jirgin da Na Kama da Sunan Baba

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Roƙona biyu ne kafin in fara: kada a buga sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin duk zagin da zai yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi. Sunan da zan ambata a nan ma ba na gaskiya ba ne.

Ni ɗan cikin birni ne, a Mandawari aka haife ni, kuma ni ne babban ɗa namiji a gidanmu. Mahaifina tsohon ɗan kasuwar fata da ƙiraga ne, ya haura saba'in, ido ya fara rauni. Ina ɗan shekara tara ƙaninsa ya rasu, aka kawo mana ɗan marigayin, bari in kira shi Nafi'u, yana da shekara shida. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ni aka tura boko har jami'a na karanta kwamfuta, shi kuwa yana gama sakandare ya bi Baba sito, yana juya fata cikin gishiri da wari. A lokacin har tausayinsa nake ji, ina toshe hanci in ya shigo ɗaki, ashe ni ne abin tausayin. Ya koyi kasuwa a hannun Baba, Baba ya yaye shi, ya shiga harkar riɗi da ƙaro, Allah ya buɗa masa har ya gina gida a wajen ganuwa. Ni kuwa ina nan da takardar digirina a jikin bango, ina zaune a ofishin Baba ina buga masa wasiƙu.

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, harka ta buɗe, tafiya ta yi yawa, jiragen haya kuma yau a tashi, gobe a ce a dawo jibi. Sai Baba da aminansa biyu suka shirya haɗa hannu su sayi ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum takwas, suna neman na huɗu. A gabana, ina tsaye riƙe da fayil, Baba ya ce musu, "Ai ba sai an je nesa ba, ga ɗana Nafi'u." Ba na cewa ina da abin sayen ko tayar jirgi, ba ni da shi. Amma shin ko don fita kunya ba za a waiwayo a dube ni ba? Abin da na ji ranar, in faɗi gaskiya, hassada ce, ba ta da wani suna.

Aka sayi jirgin, Nafi'u ya zama na huɗu. Watannin farko da waya kowa ke kama ranar da zai yi tafiya da shi, aka yi ta samun saɓani, wannan ya ce shi ya fara gaya wa matuƙi, wancan ya ce ƙarya ne shi ya riga. Sai kamfanin da ke kula da jirgin ya buɗe musu shafi a intanet. Kalanda ce kawai: kowane mai rabo da lambar sirrinsa da launinsa, wanda ya riga kama rana tasa ce, in ya fasa ya sake ta. Launin Baba kore, na Nafi'u shuɗi. Baba bai san ma inda ake kunna kwamfuta ba, don haka lambarsa a hannuna take. Kullum in na buɗe shafin sai in ga shuɗi ya cika wata, Legas, Abuja, Yamai, Kwatano, kore kuwa da ƙyar ka ga ɗigo biyu. Ni ke kallon wannan kalandar safe da yamma, kuma sau biyu tak na taɓa shiga jirgin, duk biyun jakar Baba nake riƙe da ita.

To, Nafi'u yana da wata al'ada da kowa a unguwa ya san shi da ita. Ba ya taɓa kama rana sai ya zo ya yi wa Baba sallama. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai ajiye ƙatuwar motarsa a bakin lungu, ya tako da ƙafa, ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, ina son zuwa wuri kaza ranar kaza, in ka yarda." Baba ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a doguwa, a shafa. Sannan ya shiga cikin gida gaida iyayenmu mata, wanda ba ya ɗaukar ƙasa da awa guda, sai ya koma gidansa ya shiga shafin ya kama ranar. Ni ina gefe ina zuba shayi, ina jin komai, ina jin dattawan zauren suna cewa, "Alhaji, ka yi dace da ɗa."

Wata Juma'a ya ambaci Litinin. Yana shiga cikin gida na haye bene, inda kwamfutata take haɗe da layin wayar gidan. Kun san yadda layin nan yake daɗewa yana kuka kafin ya haɗa, wato na sami isasshen lokacin da zan ji tsoron Allah in fasa. Ban fasa ba. Na danna Litinin ta koma kore. Na ce a raina bari dai in ga yadda mai jirgi zai yi. Ranar Litinin da safe, bayan na tabbata ya kama hanya a mota, na saki ranar, na buga wa matuƙi na ce Baba ya fasa.

Kun san abin da ya yi? Bai yi komai ba. Juma'a ta zagayo ya zo ya zauna a ƙasa kamar kullum, ko da wasa bai ɗauko zancen ba. Da wane baki zai tambayi mutumin da ya rene shi, "Baba, da gaske kana da tafiya?" Aminan Baba ma ba su tambaya ba, sai dai su yi dariya su ce Alhaji ya cika fasa tafiya, tsufa ya zo. Ni kuwa Nafi'u bai taɓa zargina ba, domin ya san ni ko biro ba na ɗagawa sai da umarnin Baba. Wannan yardar tasa ma haushi ta ƙara ba ni: wato ban kai ko a zarge ni ba? Sai na maimaita. Ba kowane mako ba, ina da wayo, nakan bar masa biyu in tare ɗaya. A cikin shekara guda da 'yan watanni na yi ya fi sau goma.

Sau ɗaya kawai ya kira ni. Wasu masu sayen ƙaro ne suka zo daga ƙasar waje, kwana ɗaya za su yi a Legas, kuma ya daɗe yana neman su. Ya ce, "Yaya, na ga Baba ya kama Talata. Tafiyar tana nan?" Na ce, "Haka ya ce in kama." Ya ce, "To, Allah ya kai shi lafiya. Don Allah kada ka ce masa na tambaya." Jirgin hayar da ya nema aka soke shi, ya bi mota, kafin ya isa mutanen sun tashi. Da labarin ya iso ni na yi masa jaje da bakin nan nawa, kuma ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Ina rubuta wannan ina jin kunya, amma in ban faɗa muku daɗin da na ji ba, shawarar da za ku ba ni ta wani mutum ce daban.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda abin zai faɗa. Nafi'u ya daina ambaton tafiyarsa a zaure. Zai zo ya gaida Baba, ya sunkuyar da kai, ya tashi. Daga nan sai ya koma mako biyu sau ɗaya, daga nan sai direba ya kawo buhun shinkafa da gaisuwa. Wata rana ina karanta wa Baba wasiƙu ya ɗaga mini hannu ya ce, "Wai ka ji Nafi'u ya je Yamai ya dawo? A bakin mutane na ji. A bakin mutane." Nan ne ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya, ko ba haka ba? Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai ka san halin mutum in ya samu." Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce in ci gaba da karatu.

Wata huɗu da suka wuce muka haɗu da Nafi'u wurin ɗaurin aure a unguwar Soron Ɗinki. Ana watsewa ya ja hannuna zuwa motarsa, ya sallami direba, ya fito da takardu daga aljihun babbar rigarsa. Kalandar ce ya buga, wata bayan wata, ya zagaye kowane kore da biro. Ya ce, "Yaya, duba nan. Na gaya masa da bakina, ya yi mini addu'a, kafin in isa gida ya sa ka kama ranar, kuma ba ya zuwa ko'ina. Sau ɗaya in ce mantuwa ce, sau biyu in ce tsufa. Wannan fa?" Mutum mai shekara talatin da takwas, mai ma'aikata sun fi ɗari, yana share hawaye da hannun riga. Ya ce, "Na san bai dace yaron sito ya yi rabo daidai da ubangidansa ba, tun farko na so in ƙi, shi ya ce in shiga. In ya ga na yi girman kai ne, ya gaya maka, wallahi gobe zan fita. Kai ne kusa da shi, ka tambayar mini laifina. Ni kunyar haɗa ido da shi nake ji." Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka ɗan ja baya, ka bar shi ya huce. Zan yi masa magana." Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya.

Tun daga ranar bai sake kama ko rana ɗaya ba, shuɗi ya ɓace daga kalandar, kuma bai sake tako zauren ba, yana jiran in kawo masa amsa. Duk sati sai ya kira ni, "Yaya, ya huce?" In ce masa da saura.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baba ba shi da lafiya, ciwon zuciya ne, likitoci sun ce sai an yi masa aiki a Legas, kuma ba su ɓoye mana ba cewa a shekarunsa aikin yana da haɗari. Ranar Alhamis mai zuwa za a tafi da shi. Na shiga shafin na kama ranar, karo na farko cikin dogon lokaci da koren nan yake na gaskiya. Na san Nafi'u ya gani, kuma na san ba zai tambaya ba, domin ni na koya masa cewa kore yana nufin ka matsa ka ba ni wuri. Baba kuma ya hana kowa a gidan ya sanar da shi, ya ce wanda bai zo ya duba ba kada a bi shi da labari.

Jiya bayan la'asar ya sa aka kira ni, ya sallami kowa daga zauren, ya ce in matso kusa. Ya ce, "Rai a hannun Allah yake, amma gara in faɗa tun ina iya magana. Na daɗe da niyya a raina cewa in ta Allah ta kasance, Nafi'u ne zai yi mini wanka ya sa ni a kabari, saboda amanar ubansa. Na janye. Kai za ka yi. Na yi shekaru ina dubawa can nesa, ashe ɗan kirkin yana gefena ban lura ba. Ka yafe mini." Ya lalubo kaina ya dafa, ya yi mini addu'a doguwa. Na yi kuka, ya ɗauka kukan tausayinsa ne. Rabinsa tsoron Allah ne, rabinsa kuma, Allah ya yafe mini, farin ciki ne.

Na san za ku ce in je in faɗi gaskiya. Wa zan fara gaya wa? Likita ya ce kada a kawo wa Baba abin da zai tayar masa da hankali kafin aikin, in na faɗa wani abu ya same shi, ni na kashe shi. In na yi shiru kuma ya tafi bai dawo ba, ya tafi yana fushi da maraya wanda bai yi masa komai ba, kuma ni zan tsaya a kansa da buta da waɗannan hannuwa. Saura Nafi'u. Na san shi sarai: in na gaya masa zai yafe mini nan take, ya ruga zauren ya durƙusa ya ɗauki laifin duka a kansa, ya ce shi ne ya yi girman kai, don kada Baba ya san abin da ɗansa na cikinsa ya aikata. Zai rufa mini asiri har kabari. Wannan ɗin ne na kasa haɗiyewa, domin ko a nan ma shi ne zai fi ni.

Saura kwana shida jirgin ya tashi. Ɗazu da safe Nafi'u ya sake kira ya ce, "Yaya, ya huce?" Na ce masa zan kira shi.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?