Jajayen Awakinki Sun Gama wa Hadiza Lakol

Uwar Lawali,

Sallama gare ki a makwancinki, Allah ya kai haske kabarinki. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunki ba. Ko da kina raye ma cewa za ki yi in daina ɓata takarda, in buɗe baki in faɗa. To, bakin ne bai taɓa iya miki ba, shi ya sa yau na ɗauki alƙalami.

Damina uku ke nan da tafiyarki. Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai shiru. Matar Lawali tana dama mini fura, tana ƙoƙari, amma ba ta san ina son ta da ɗan tsami ba, ni kuwa kunya ta hana ni faɗa. Labarin da ya zaunar da ni na autarki Hadiza ne, wadda kika bari tana karatun ungozoma a Maraɗi. Kin tafi da wannan karatu a ranki, har a kan tabarmar jinya kina cewa kada a bari ya yanke. Saura ƙiris ya yanke, kuma ni ne sanadi.

Kin tuna jar akuyar da na sayo miki a kasuwar Gidan Rumji shekarar da kika haifi Lawali? Mai ɗingishi ce, shi ya sa na same ta da araha, kuma kin gane, kika karɓa hannu biyu. Da ta haihu sai kika ɗauki ƴar kika kai wa wata ƙawarki a Sae Sabuwa kiwo. Haihuwar fari da nono na mai kiwo, haihuwa ta biyu taki. Na ce wane irin arziki ne wannan, mutum ya mallaki abu ya kai ƙauye inda ba ya ko jin kukansa? Kika ce ciwon dabbobi ba ya shiga gari biyu rana ɗaya. Na yi dariya, na sa miki suna Hajiya Mai Warwatse, kina amsawa.

Haka kika yi ta yi shekara da shekaru. In Babbar Salla ta matso dabba ta yi kuɗi, ki aika a sayar da bunsuraye. Da kaka, lokacin da kowa ke zubar da wake a kasuwa, ki saya tiya-tiya ki ɗura a jarkoki ki toshe baki da leda don ƙwari. Da bazara, manoma na neman iri ido rufe, ki fitar ki sayar, ki sayi ƙananan awaki mata. Abin da ya yi saura ya tafi wajen maƙerin zinariya, ya dawo ɗan kunne. Uwar garke kuwa ba ki taɓa sayarwa ba, ko ana yunwa. Kullum maganarki ɗaya ce, tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya: a sami abin da ke haihuwa, a sami abin da ake ci, a sami abin da ba ya ruɓewa.

Ni kuwa kin san ni da aya. In je Agye da Gazawa in auno, in cika mangaza, ɗakin ajiyata, har rufi, in jira ƴan kasuwar Katsina su zo da manyan motoci. Shekarar da ta karɓa, a ranar guda nake samun abin da awakinki ba su kawo ba a damina biyu. In shigo gida da tsire da sabon turmin atamfa ina taƙama, ki karɓa ki yi godiya, washegari ki ci gaba da ɗura wakenki. Ashe kallona kawai kike yi?

Ranar sadakar arba'in ɗinki na ga abin da ban taɓa gani ba. Tun da hantsi amalanke ke tsayawa a ƙofar gida, mata na saukowa, kowacce da igiyar akuya a hannu. Daga Sae Sabuwa, daga Gidan Sori, daga wasu ƙauyuka da ban san kin taɓa taka su ba. Duk jajaye, duk jinin gurguwar nan. Ba mu san da rabinsu ba. Da sun yi shiru babu mai tambayarsu, amma suka kawo amanarki har gida. Inna Kulu ta Gidan Sori, tsohuwar nan mai tsagen Gobirawa da take kiranki ƙanwata, ta zauna a bakin ɗakinki ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce nonon akuyarki ne ya rayar da jikanta lokacin da uwarsa ta rasu. Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba? Lallai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malam ya raba gado yadda addini ya ce. Lawali ya sayar da nasa kason ya sayi babur, yana kabu-kabu, kuma Alhamdulillahi yana ci da iyalinsa. Ya so mu ma mu tattara a sayar a zuba a aya. Hadiza ta ƙi, ta ce kowace akuya ta koma inda uwarta ta ajiye ta. Ni ma na bar nawa, amma ba don wayo ba. Zuciyata ce ba za ta iya ganin ana jan jar akuya zuwa kasuwa ba a lokacin.

Sai shekara ta juya. Na zuba duk jarina a aya kamar yadda na saba, har na ƙara da kuɗin ɗan filin nan na bayan gari. Aka rufe iyaka. Motocin da nake jira ba su zo ba, kuɗin Najeriya ya faɗi, aya ta zauna a mangaza tana ƙanƙancewa, ɓeraye na biki. Da na gaji na sayar, abin da na samu bai kai a faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Uwar Lawali, karyewa na yi. Ana cikin haka lakol, makarantar ungozoman nan, ta koro Hadiza a shekararta ta ƙarshe, sai an biya. Ta dawo da akwatinta ta shiga ɗakinki ta rufe.

Na hau bayan Lawali muka tafi Sae Sabuwa don mu ɗebo abin da ke can. Muka tarar ciwo ya riga mu, zawo da majina, gari duk warin mushe. Ƙawarki ta nuna mana turaku babu komi, tana ba ni haƙuri kamar ita ta kashe su. A hanyar dawowa na ɓoye fuskata a bayan ɗanki na yi hawaye, ya yi kamar bai ji ba.

Kwana kaɗan sai ga Inna Kulu a kan amalanke, labari ya kai mata. Ciwon bai leƙa Gidan Sori ba. Ta zo da bunsuraye masu ƙiba, gashi na sheƙi, ta ce mata kam ba za ta kawo ba, don kin yi mata kashedi tun kina raye, ko ni na zo da kaina kada ta ba ni uwa. Kin ji? Kina kabari kina hana ni ɓarna. Muka sayar ana saura kwanaki Salla, kasuwa ta yi kyau. Hadiza ta buɗe jarkokin da ta ɗura da kaka kamar yadda kika koya mata, wake fes babu ƙwaro ko ɗaya, aka kai wa masu neman iri. Kuɗin lakol ya haɗu. Ɗan kunnenki ko fito da shi ba a yi ba.

Ta gama, Uwar Lawali. Ranar da aka ba su takardar gamawa ɗan kunnenki ta sa, ta juyo tana neman mu cikin jama'a, sai na ga kamar ke ce ranar da aka kawo ki gidan nan. Yanzu tana aiki a wani asibitin ƙauye wajen Gazawa, tana karɓar haihuwa. Da albashinta na fari ta sayi ƴar jar akuya. Na ce ta kawo in riƙe mata, ga fili a gida. Ta yi dariya irin taki, ta ce ni mai dutse ɗaya ne, ta riga ta ba wata mata a can. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ni ma na soma koyo da tsufana. Aya rabin mangaza, sauran hatsi da wake, da tunkiya biyu a hannun wani Bafulatani. Da kin gani da kin tsokane ni har Salla.

Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, duk dariyar da nake yi miki ta jin daɗi ce. Ina son yadda kike zama bakin murhu kina lissafi da yatsu, leɓɓanki na motsi. Ina son ki, kuma ban taɓa furtawa ba, don a gidanmu ba a saba ba. Kin rarraba komi naki gari-gari don kada rana ɗaya ta cinye shi. Ni kuwa zuciyata wuri ɗaya na ajiye ta, a wajenki, kuma ranar da kika tafi babu wani ƙauye da aka kawo mini saura daga can. Ban yi nadama ba. Da za a sake, nan zan sake ajiye ta.

Ki huta. Allah ya gafarta miki, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Naki har kullum,
mijinki, mai ayar Gidan Rumji.