Funkason Gidan Alhaji Buraima

Zongo, Lome, 1983

Yaya Ramatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Ni alhamdulillahi. Tun da likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama, shekaru ke nan ban taɓa burodi ba, sai tuwon masara da rogo. Zawon ya tsaya, har na yi ƙiba.

Sai dai ranar sunan jikan Alhaji Buraima, wanda ya ba ni ɗaki, an kawo mini funkaso, na ce na ƙoshi. A gaban mutane Alhaji ya ce, "Isufu, tsoron sammu kake a gidana?" Na yi bayani, aka yi dariya. Yaya, ba ni da wani wurin kwana a garin nan. Na cinye.

Zawon ya dawo, har yau ban iya taka keken ɗinki ba. Kada Inna ta ji. In kin sami direba, ki aiko mini da gero.

Hajiyar Alhaji ta ce tunda na ci, kowace Juma'a za ta aiko mini da funkason. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Isufu